Yadda Ake Rubuta Labarin Yaron Lungu Har Ya Zama Mutum

Duk mai bin labaran da ake sakawa a zaurukan WhatsApp da Wattpad ya san matashin birni kusan kullum ɗayan biyu ne. Ko dai ɗan Alhaji ne da ya dawo daga karatu a Ingila, gida a Nasarawa, direba yana jira a ƙofa, ko kuma ɗan daba ne mai jan ido da tabon sara a goshi, wanda aikinsa kawai ya tare jaruma a hanya, daga baya ya tuba ko a kashe shi. Alhali yawancin samari da 'yan matan Kano ba su cikin ko ɗaya. Akwai yaron shago a Kantin Kwari, da mai gyaran waya a Farm Centre, da yarinyar da take ɗinkin hula da dare don ta haɗa kuɗin JAMB, da wanda ya gama sakandare shekara uku ke nan yana zaman majalisa. Su ne ba a cika rubutawa ba, kuma a wurinsu labarin yake.

Wannan jagora ta mai son rubuta labarinsu ce, tun daga lokacin da yaro yake ɗan aike har ranar da ɗawainiya ta hau kansa. Zan yi misali da Kano, amma hanyar ɗaya ce ga mai rubutu a kan Tudun Wadar Kaduna, ko Unguwar Rogo a Jos, ko Kara-Kara a Damagaram, ko Nima a Ankara ta ƙasar Ghana. Ina cewa "ka", amma da 'yan'uwa mata nake tare, don su ne suka fi riƙe alƙalamin ƙagaggen labari.

Mataki na farko: zaɓi unguwa kafin ka zaɓi jarumi

Kano ta yi girman da ba za a ce labari ya faru "a Kano" kawai ba. Yaron Yakasai ko Mandawari, cikin badala, yana zaune ne a gidan da kakan kakansa ya haƙa rijiyarsa. Kowa ya san asalin kowa. In ya yi laifi da hantsi, kafin azahar maganar ta isa kunnen baffansa a kasuwar Kurmi. Yaron Bachirawa ko Rimin Kebe kuwa a gidan haya ya buɗe ido, maƙwabcin bana ba lallai ya kai baɗi ba, ubansa daga ƙauye ya shigo neman na kai, kuma babu wani dattijon dangi a kusa da zai tsawatar. Fagge tana da nata hali na kasuwa da baƙi da kuɗin da ke wucewa ta gaban ido ba ya tsayawa. Wanda ya tashi a gefen Sabon Gari ya yi abokai Ibo da Yarbawa tun yana firamare, kunnensa ya saba da ƙararrawar coci. Abin da ke hana yaro lalacewa, da abin da ke tura shi, ya bambanta daga wannan unguwa zuwa waccan.

In ka zaɓa, ka taka da ƙafarka, ko da a nan aka haife ka. Ka zagaya bayan sallar asuba, ka koma da la'asar, ka sake komawa bayan isha'i, don unguwa uku za ka gani. Sannan ka zana taswira a takarda ka sa masallaci, teburin mai shayi, injin markaɗe, kemis, rumfar mai cajin waya, gidan kallon ƙwallo, rijiyar burtsatse, kangon da ba a ƙarasa ba, kududdufi, gidan mai unguwa da ofishin 'yan sintiri. Abu mafi muhimmanci a taswirar shi ne iyaka: lungun da jaruminka ba ya iya bi bayan magariba, da dalilin hakan.

Ka riƙa lura da abin da baƙo ba zai gani ba. Akwai lungun da in kurar ɗan garuwa ta shigo, dole mai tahowa ya manne da bango har jarkokin su wuce, kuma in aka yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta sha kwana. Wanda ya rubuta wannan ba ya bukatar ya ce "unguwar talakawa ce mai cunkoso". Sunan unguwa ka bar shi na gaskiya, amma lungun da gidan da mutanen ka ƙago su, kada wani ya wayi gari ya ga asirin gidansu a wayar jama'a.

Mataki na biyu: ka san shekarar da kake ciki

Marubuta da yawa suna tsallake wannan, sai ka ga jarumi ya hau acaɓa a shafi na goma, a shafi na ashirin yana TikTok. Birni yana canjawa da sauri, kuma kowane sauyi yana shiga aljihun matashi. Bayan hare-haren da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 an yi zaman dokar hana fita da shingayen bincike, hira a ƙofar gida da dare ta yi wuya. A Janairun 2013 gwamnatin jiha ta hana goyo a babur, samari masu yawa da acaɓa ke ciyar da su suka koma Adaidaita Sahu ko suka zauna. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2022 yajin aikin ASUU ya ajiye ɗaliban jami'a a gida wata takwas. Farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun naira, mai POS ya zama wanda ake lallashi, sannan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun shekarar ya sauya kuɗin mota da na abinci gaba ɗaya.

Ba tarihi za ka koyar ba. Ɗauki shekara ɗaya ko biyu, ka tambayi waɗanda suka rayu a cikinsu nawa ake sayar da kwanon shinkafa, nawa ne kuɗin mota daga Kurna zuwa Bata, wace waya ce ake yayi. Ka rubuta a gefe, ka riƙe.

Mataki na uku: yi lissafin gidan

A nan nake so ka fi daɗewa, domin a ganina nan ne labarin yake tsira ko ya mutu. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka zauna ka yi wa gidan jaruminka lissafin shige da fice kamar kai ne mai cefane.

Mu ƙaga yaro, mu kira shi Nura, ɗan shekara 16 a Kurna. Mahaifinsa ya yi aiki a wata masaƙa a Sharaɗa har ta rufe, kamar yadda masana'antu da yawa na Sharaɗa da Bompai da Challawa suka durƙushe. Yanzu gadi yake yi da dare, da rana yana barci ko yana zaune a soro da rediyo. Umma tana suyar awara, ƙannen Nura ne ke fitar da ita ƙofar gida. Yayansa Kabiru yana jan Adaidaita Sahu ta wani, kullum sai ya kai wa mai ita kuɗin da aka yanka masa kafin ya san ko ya samu nasa. Yayarsa Zainab an sa ranarta bayan babbar sallah, kuma gado da katifa da kujeru suna wuyan gidan. Shi Nura in an tashi daga makaranta yana zuwa shagon wani Alhaji a Kwari, yana ɗaga diloli yana kai wa kwastoma kaya mota, ana ba shi na abinci da na mota, da fatan wata rana, bayan shekaru, ubangida zai sallame shi da jari.

Yanzu ka yi wa kanka tambayoyi. Wa ke biyan haya, kuma yaushe take cika? Wa ake bi bashi, mai kanti ko mai kemis? Umma tana zubi a adashi, kwasarta saura wata nawa, kuma me aka riga aka ɗora a kanta? In Kabiru ya kwana biyu da zazzaɓi, me za a fasa saya? In Nura ya faɗi kwalifayin, jarrabawar da gwamnatin jiha ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO da ita, wa zai biya masa? Wane ɗan'uwa mai hali ne a dangi, kuma me ya sa Baba ya gwammace ya kwana da yunwa da ya je ƙofarsa?

Da ka amsa waɗannan, za ka ga ba sai ka nemo makirci daga waje ba. Ba ka bukatar kishiya mai asiri, ko wasiyyar da aka ɓoye, ko hatsarin mota da zai sa jarumi mantuwa. Jami'an KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa su kama Adaidaitar Kabiru mako biyu kafin kai kayan ɗaki, wannan kaɗai ya isa ya girgiza gidan, ya sa Nura ya fara kallon aljihun tebur na shagon Alhaji da wani ido. Talauci a labari ba ya taɓa zuciya sai an san adadin abin da aka rasa da ranar da ake bukatarsa.

Kuma kada ka manta da kunya, don ita ce rabin lissafin. Uban da ɗansa ya fara ciyar da gida yana jin daɗi, yana kuma jin wani abu na ci masa rai. Uwa takan ɗora tukunya da ruwa zalla don kada matan gidan haya su gane yau ba a girki. Yaro yakan ƙi bin layin su wata yarinya saboda takalminsa ya tsinke. Mutanen lungu suna da mutuncin da suke karewa da duk ƙarfinsu, kuma marubucin da ya nuna yunwarsu ya bar wannan ya zalunce su.

Daga ƙarshe ka ba yaron abin da yake so don kansa, ƙarami kuma takamaimai. "Yana son ya taimaki iyayensa" buri ne na kowa. Nura yana son waya mai kyamara mai kyau, ko yana son a gwada shi a ƙaramin kulob ko Allah zai sa wata rana ya taka wa Kano Pillars leda a filin Sani Abacha, ko yana son ɗinkin shadda guda ɗaya da ba kwancen Kabiru ba. Ranar da wannan buri ya yi karo da bukatar gida, labari ya tashi.

Mataki na huɗu: masu jansa

Yaro ba ya girma shi kaɗai, hannaye ne ke jansa ta ko'ina. Akwai uwa, akwai malamin makarantar allo ko na Islamiyya, akwai ubangida a kasuwa, akwai abokin ƙuruciya, akwai kuma babban yaya na majalisa wanda unguwa ke tsoro. Ƙa'idar ita ce kowannensu ya zama yana da abin da yake bayarwa na gaske, da abin da yake karɓa. Alhajin Kwari yana koya wa Nura ciniki da sanin yadi, yana kuma iya riƙe shi shekara goma ba sallama. Malam yana ƙaunarsa, amma ba shi da amsar kuɗin haya.

Batun daba shi ne inda aka fi zamewa. Kada ka fara da wuƙa. Fara da ranar da wasu samarin wata unguwa suka ƙwace wa Nura kuɗin aike suka mare shi, ya dawo yana kuka, babban yayan nan ya tashi ba tare da ya ce komai ba, bayan awa ɗaya ya dawo da kuɗin cif. Daga ranar Nura yana da bashi a wuyansa. Gobe za a saya masa shayi da ƙwai, jibi a ce ya riƙe wata jaka zuwa dare, gata a ce ana faɗa da 'yan wancan lungu, duk ɗan unguwa ya fito. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce zo ka zama ɗan daba. Kariya ya samu, da suna, da wurin da in ya yi magana ake saurara, abubuwan da gida da makaranta ba su ba shi ba.

Ka san kuma tushen abin. Dabar Kano tana da jijiya a farauta da wasan tauri, daga baya siyasa ta shigo ta mayar da samari 'yan jagaliya, ana ɗiban su a mota lokacin kamfen, a ba su kuɗi da ƙwaya, in an ci zaɓe a manta da su da makaman a hannunsu. Ƙwacen waya ya zo daga baya. Kowane gari da sunan nasa: Kalare a Gombe, Sara-Suka a Bauchi da Jos, ƙauraye a Katsina. Kada ka cakuɗa su, don mai karatu ɗan garin zai gane nan take. Mai ba da kuɗin, wanda 'ya'yansa ke karatu a waje, shi ma ya kamata a ga fuskarsa a labarin ko sau ɗaya.

In za ka yi bincike, ka bi ta hannun wanda ya san mutanen, kamar mai shayi ko ɗan sintiri ko wanda ya daina harkar ya kama sana'a. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, kada ka ɗauki murya a ɓoye, kada ka tambayi sunan wanda ya yi wani laifi. Ka je ka zauna a kotun majistare rana ɗaya ka ga iyaye mata a bakin ƙofa da kwanon abinci, suna jiran motar da za ta kawo 'ya'yansu daga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Shaye-shaye kuwa, sholisho ne ko wiwi ko ƙwaya, ka nuna abin da yake yi wa jiki da gida, ba sai ka koyar da yadda ake haɗawa ba.

In jarumar mace ce

Birninta daban ne ko da gidansu ɗaya da Nura. Taswirarta ta fi ƙanƙanta: tsakar gida, soro, hanyar Islamiyya, gidan kitso, gidan biki, sai kuma waya, wadda ta buɗe mata ƙofar da bango ya rufe. Idon unguwa a kanta yake, kuma maganar da za a yi wa namiji a manta, ita tana iya bin ta har ɗakin aurenta. In tana talla, ka san wa take sayar wa, wane layi take gudu, me take yi da ribar da Umma ke tara mata don kayan ɗaki. In tana karatu, ka san wanda ya tsaya mata da wanda ke cewa ya isa haka.

Roƙona a nan shi ne kada ka mayar da aure ƙofar tsira da ke sauko mata daga sama, wato wani mai kuɗi ya gan ta da farantin talla ya ɗauke ta. An rubuta wannan har an gaji. Bari ta zama ita ke yanke shawara, ko da tsakanin abubuwa biyu ne masu ɗaci: ta karɓi mai shagon da zai ɗauke wa Baba nauyi, ko ta jira saurayin da ba shi da ko sisi, ko ta ce a ba ta shekara biyu ta gama makarantar koyon aikin jinya, ta kuma ɗauki surutun da zai biyo baya.

Mataki na biyar: sa kowa ya yi magana da bakinsa

Yaro ɗaya yana da harshe uku ko huɗu. A gaban mahaifinsa yana durƙushe, idonsa a ƙasa, amsarsa ba ta wuce "to, Baba". A shago "Alhaji" ne da "ranka ya daɗe". A majalisa kuwa sai ka ji "baaba, yane?", "normal ne", "ba yawa, mazaje". Uwar da ke kunyar ɗan fari ba za ta kira sunansa ba, sai dai "kai" ko wani laƙabi, kuma ranar da ta kira sunan kai tsaye mai karatu zai san magana ta kai inda ta kai. Ƙane ba ya cewa "Kabiru" gatsau, "Yaya Kabiru" ne. Matar maƙwabci "Maman wane" ce.

Salon maganar samari yana tsufa da wuri, don haka ka ɗan yayyafa shi, kada ka cika. Kalma biyu ko uku a bakin mutum ɗaya sun isa su nuna ko shi wane ne. Mai ba da labari kuma ya tsaya a kan daidaitacciyar Hausa. Zagi da ashar ana iya nuna an yi su ba tare da an rubuta su ba.

Babban abin da za ka koya shi ne mutanenmu ba su cika faɗin abin da ke ransu kai tsaye ba. Uba ba zai ce "ina alfahari da kai" ba. Zai ce wa Umma a ƙara wa yaron nan nama.

Mataki na shida: gina labarin zuwa rana ɗaya

Ka jera abubuwan a kan kalandar da birni ke bi. Azumi yana kawo tashe da tsadar kayan buɗa-baki da cunkoson Kwari. Sallah tana kawo ɗinki da Hawan Daushe da haɗuwar unguwannin da ba sa ga maciji. Damina tana cika kwata ta rushe katangar ƙasa. Zaɓe yana kawo kuɗin da ba a saba gani ba. Labarin da ya fara daga wata sallah ya ƙare a ta gaba ya riga ya samu ƙashin baya.

Duk wannan yana tafiya ne zuwa rana ɗaya da yaron zai yi abin da ba ya komawa baya, da saninsa, kuma ya biya. Ba sai an zubar da jini ba. Ga irin abin da nake nufi:

Nura ya shigo bayan isha'i, ya tarar da Umma a bakin murhu tana juya ragowar awara. Ya durƙusa ya ajiye kuɗin a gefen tabarma, sababbi, a naɗe da roba. Ba ta taɓa ba. Ta ci gaba da juya awarar har ɗaya ta fara ƙonewa.

"Alhaji ne ya ba ka?"

"Aiki muka yi."

"Na ce Alhaji ne ya ba ka?"

Ya yi shiru. Daga ɗaki ana jin Zainab da ƙawarta suna lissafin kwanukan da suka rage a saya. Umma ta kalli ƙofar ɗakin, ta kalli kuɗin. Ta sauke kaskon, ta goge hannunta a zani, ta ɗauka ta cusa a ƙarƙashin tabarma.

"Kada Babanku ya ji."

A wannan ɗan wuri yaron ya gane abu biyu da ba zai taɓa mantawa ba: uwarsa ta san kuɗin ba na halal ba ne, kuma ta karɓa. Ba a yi kuka ba, ba a yi dogon jawabi ba. Ka lura kuma ban gaya maka abin da Umma ke ji ba, awarar da ta ƙone ta faɗa. Irin wannan fage uku ko huɗu su ne ginshiƙan littafinka. Ka rubuta su da farko in ka ga dama, sannan ka gina hanyar da ke kaiwa gare su.

Mataki na bakwai: ƙarshe, da batun wa'azi

Mai karatun Hausa yana son darasi, kuma ba laifi ba ne. Addini yana cikin rayuwar lungu tun daga kiran assalatu, don haka labarin da ya cire shi ya yi ƙarya. Sai dai ka bar shi ya zauna inda yake zaune a rayuwa: yaron da ya daina zuwa sahun asuba don kunyar haɗa ido da liman, ko ɗan daban da ba ya shan komai a watan azumi. Abin da ke kashe labari shi ne marubuci ya tsayar da komai ya hau mumbari shafi uku. In sakamakon abin da Nura ya yi ya bayyana a jikin Umma da auren Zainab da sunan gidansu, mai karatu ya riga ya ɗauki darasin da kansa.

Ka guji ƙarshe biyu masu sauƙi, wato kashe yaron don a hukunta shi, da azurta shi dare ɗaya don a saka masa. Yawancin samarin nan ba sa mutuwa, ba sa kuma zama Alhazai. Wani yana fitowa daga gidan yari ya tarar an ba wani gurbinsa a shago, ya koma koyon walda yana ɗan shekara 22 a ƙarƙashin wanda ya girme wa. Wani yana barin unguwar zuwa Legas ko Abuja. Wani yana zama, ya zama shi ne mai raba faɗa. Tambayar da za ka auna ƙarshenka da ita ita ce: me yaron ya sani yanzu wanda bai sani ba a shafin farko, kuma me ya rasa kafin ya sani?

Mataki na takwas: gyara da fitarwa

In ka gama, ka ajiye rubutun mako biyu ko uku, sannan ka karanta da ƙarfi kana jin kanka. Duk maganar da bakinka ya yi tuntuɓe a kanta, ba haka ake faɗinta ba. Ka ba mutum biyu su karanta: ɗan unguwar da zai ce maka "ai ba a bi ta nan a je Kofar Ruwa", da wanda ya san ƙa'idar rubutu. Ka sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ, ka raba "ya ce" da "ta ce" da "shi ne", ka daina taƙaita kalmomi irin na hirar waya. Allon rubutun waya yanzu yana da haruffan Hausa, a saituna ake kunna shi.

In kashi-kashi za ka riƙa sakawa a WhatsApp ko Facebook, ka kammala aƙalla rabin littafin kafin ka saki shafin farko. Masu karatu za su matsa maka ka haɗa wane da wance aure, ko ka kashe wanda suka tsana, kuma marubucin da ke rubuta na gobe a daren yau yakan bi son ransu ya bar labarinsa. Ka sa sunanka a kowane kashi, ka ajiye kwafin asali mai kwanan wata a imel ɗinka, don ana kwashe labarai a karanta a YouTube ba da izinin mai su ba. Wadda take son gwada hannunta a gajeren labari tukuna, gasar Hikayata ta BBC Hausa tana karɓar labaran mata tun 2016, kuma zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano wuri ne da za a faɗa maka gaskiya a kan rubutunka. In kuma bugawa za ka yi a takarda a Kano, ka fara zuwa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha, wadda aka kafa a 2001, ka ji sharuɗɗan da take aiki da su a lokacin, kafin ka kai wa maɗaba'a kuɗinka.